Babi na Bakwai: Raunin 'Yan Gudun Dogon Zango da Ma'aunin Mai Horarwa

A cikin ƙwararrun 'yan gudun dogon zango, wato masu tseren da ya kama daga mita 5,000 har zuwa gudun fanfalaki mai tsawon kilomita 42 da mita 195, da wuya a sami wanda yake atisaye shi kaɗai. Galibinsu suna zaune ne rukuni-rukuni a ƙarƙashin mai horarwa guda, a sansanonin da kamfanonin takalma ko dillalan 'yan wasa ko manyan kamfanonin kasuwanci suke ɗaukar nauyinsu, kamar waɗanda ke Kaptagat da Iten a tsaunukan Kenya, da na kewayen Addis Ababa a Habasha, da na jihar Oregon a Amurka, da kuma ƙungiyoyin kamfanoni na Japan. Abin da jama'a da 'yan jarida suke auna waɗannan rukunoni da shi kuwa shi ne yawan lambobin zinare da tarihin da 'yan tserensu suka kafa, kuma wannan ma'auni yana da babban giɓi, domin waɗanda suka iso bakin layin tashi lafiya su kaɗai yake ƙirgawa. Idan mai horarwa ya karɓi matasa ashirin masu baiwa, ya ɗora musu aikin da jikin mutum biyu kawai zai iya ɗauka, zai fito da zakaru biyu a yi ta yabonsa, sauran goma sha takwas kuma su koma gidajensu da tsagewar ƙashi da ciwon jijiya ba tare da kowa ya nemi jin labarinsu ba. Saboda haka duk mai son sanin ingancin mai horarwa, wajibi ne ya fara duban yawan mutanen da suka shiga hannunsa da yawan waɗanda suka yi shekara biyar ko goma suna gudu lafiya, kafin ya dubi abin da ke rataye a wuyan zakarunsa.

Yadda jiki yake tara rauni

Raunin ɗan gudu ya sha bamban da na ɗan ƙwallon ƙafa ko ɗan dambe, wanda yakan ji ciwo farat ɗaya sakamakon karo ko duka ko targaɗe a gaban idon 'yan kallo. Shi ɗan gudu nasa taruwa yake yi a hankali, yau da gobe, ta yadda ranar da ciwon ya bayyana an riga an yi makonni ana shuka shi. Duk lokacin da ƙafarsa ta dira ƙasa, nauyin da take ɗauka yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, agara kuwa, wato kakkaurar jijiyar nan da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, abin da take ja ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙwararren ɗan gudun fanfalaki yakan yi kilomita 180 zuwa 220 a mako idan yana shirin babbar gasa, wato taku sama da 100,000 cikin kwana bakwai, kuma kusan kowane taku a kan gaɓoɓi guda yake sauka, ta fuska guda.

Ƙashi abu ne mai rai da yake sabunta kansa kullum. Gudu yana haifar masa da ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, jiki kuma yana da ƙwayoyin halitta iri biyu masu kula da gyaransu: waɗansu suna kankare ɓangaren da ya gaji, waɗansu suna biyo baya su cike gurbin da sabon ƙashi. Aikin kankarewa yakan ƙare cikin 'yan makonni, amma cikewa da ƙarfafawa yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, kuma a tsakanin nan ƙashin ya fi yadda yake a da rauni, tamkar katangar ƙasa da magini ya kankare tsohon yaɓenta bai kai ga yin sabo ba sai hadari ya taso. Idan a daidai wannan lokaci aka ƙara wa ɗan tsere nisa ko sauri, tsage-tsagen sukan haɗe su zama tsagewar ƙashi ta sosai, wadda ta fi faruwa a ƙwauri da ƙananan ƙasusuwan ƙafa da ƙashin cinya da na ƙugu. Akwai wuraren da likitoci suka fi tsoro, kamar wuyan ƙashin cinya, da gaban ƙwauri, da wani ɗan ƙashi da ke saman tsakiyar ƙafa wanda suke kira nabikula, kasancewar jini ba ya wadatar tsakiyarsa, don haka ba ya saurin haɗewa, wani lokaci ma sai an yi tiyata. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a makonnin farko, sai an yi hoton MRI, wanda ba kowane ɗan gudu ne yake iya biyan kuɗinsa ba.

A nan ne tarkon yake. Zuciya da jini da tsoka suna sabawa da sabon aiki cikin makonni, alhali ƙashi da jijiya suna buƙatar watanni, saboda haka akwai lokacin da ɗan tsere yake jin ƙarfi fiye da kowane lokaci a rayuwarsa, numfashinsa bai sarƙe ba, agogo yana nuna ci gaba, amma ƙasusuwansa suna can baya ba su cim ma zuciyar ba. Ɗan tsere ba zai iya gane wannan da kansa ba, domin jikinsa daɗi yake gaya masa. Mai horarwa ne kaɗai yake tsaye a gefe yana riƙe da lissafin watannin da suka wuce, kuma shi ne ya kamata ya hana ƙari a ranar da kowa yake ganin ƙari ya dace.

Wannan ba ya nufin duk raunin da ya sami ɗan tsere laifin mai horar da shi ne. Wanda yake neman zama na ɗaya a duniya dole ya yi aiki a kusa da iyakar abin da jikinsa zai ɗauka, kuma wanda ya daɗe a bakin iyaka wata rana zai tsallake ta. Gudun fanfalaki na mata a gasar Olamfik ta Beijin a 2008 ya isa misali: Mizuki Noguchi ta Japan, mai riƙe da kambun 2004, ta janye kwanaki kaɗan kafin tseren saboda ciwon cinya, Deena Kastor ta Amurka, wadda ta ci tagulla a 2004, ƙashin ƙafarta ya karye wajen kilomita na biyar, Paula Radcliffe ta Birtaniya kuma, mai riƙe da tarihin duniya a lokacin, ta zo ne bayan tsagewar ƙashin cinya da aka gano mata 'yan watanni kafin gasar, ta ƙare a matsayi na 23. Waɗannan mata uku ba hannu ɗaya ya horar da su ba, kuma kowaccensu tana da ƙwararrun likitoci. Abin da yake tona asirin mai horarwa shi ne maimaituwa: a ga rauni iri ɗaya yana kama mutane da yawa a rukuni ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, ko a ga ɗan tsere yana dawowa daga jinya ya sake kwantawa kafin wata uku, ko a ga matasa da mata ne kullum suke karyewa. Idan haka ta faru shekara bayan shekara, ba a kiranta rashin sa'a.

Masu bincike sun daɗe suna neman ƙa'ida guda da za ta raba aikin da ke gina jiki da wanda ke rusa shi, kuma har yanzu ba su same ta ba. Wani nazari da aka buga a 2007, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya kan masu gudun dogon zango, ya sami cewa yawan masu jin rauni a ƙafa ya kama daga kashi 19 har zuwa kashi 79 cikin 100, gwargwadon irin mutanen da aka bincika da abin da aka ɗauka a matsayin rauni. Shahararriyar ƙa'idar nan kuma da ke cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan gudu daga mako zuwa mako, an gwada ta a birnin Groningen na ƙasar Holan a kan sababbin masu gudu sama da 500, sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni, ko ya bi ƙa'idar ko bai bi ba. Abin da kusan duk binciken ya haɗu a kansa shi ne wanda ya taɓa jin rauni ya fi kowa kusa da sake jin wani, lamarin da ke mayar da hukuncin ranar dawowa daga jinya ɗaya daga cikin mafi nauyin hukunce-hukuncen da mai horarwa yake yankewa. Akwai kuma binciken da aka yi a Ostareliya aka buga a 2016, inda aka bi diddigin manyan 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na tsawon kaka biyar, aka ga cewa waɗanda suka samu yin fiye da kashi 80 cikin 100 na makonnin atisayen da aka tsara musu sun ninka sauran sau bakwai wajen yiwuwar cim ma burinsu na shekara. Ke nan zama lafiya shi kansa wani ɓangare ne na nasara, kuma mai horarwar da yake kare 'yan tserensa daga rauni bai bar komai na lambar zinare ba.

Albarkar rukuni da haɗarinsa

Tun da daɗewa manyan masu horarwa suka fahimci cewa hutu yana cikin aiki. Arthur Lydiard na New Zealand, wanda almajiransa Peter Snell da Murray Halberg suka ci zinare a Rum a 1960, ya yi suna da gudun mil 100 a mako, amma mafi yawansa a saurin da numfashi ba ya sarƙewa. Bill Bowerman na Jami'ar Oregon kuma ya dage kan cewa ranar wuya dole ranar sauƙi ta biyo bayanta. Daga baya masanin motsa jiki Stephen Seiler ya nazarci yadda zakarun wasannin juriya suke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu a hankali suke yin sa. Wannan ƙa'ida mai sauƙin faɗi ita ce rukuni yake fara karyawa. Mutane ashirin da kowannensu yake son mai horarwa ya gan shi, idan aka sake su a hanya da sunan gudun hutu, sau da yawa kafin a yi nisa gudun ya rikiɗe ya koma tsere, sabon shiga yana son nuna cewa ya cancanci gadon da aka ba shi, tsohon hannu kuma ba ya son a ce ƙarfinsa ya fara ja baya. Haka nan jadawalin mako yawanci a kan jikin tauraron rukuni ake ɗinka shi, wanda ya yi shekara goma yana gina ƙashinsa, sai a miƙa shi ga wanda bai wuce shekara biyu da fara gudun ƙwararru ba.

A Iten, garin da ke kimanin mita 2,400 sama da teku, 'yan gudu fiye da ɗari sukan taru da safiyar Alhamis don atisayen fatlek, wato gudun da ake sauya sauri da sassauci minti-minti a kan hanyar burji. Irin wannan taro yana ɗaga mutum zuwa matakin da ba zai kai shi kaɗai ba, kuma ba ya buƙatar kuɗi ko izini, abin da ya sa ya zama makaranta ga dubban matasa. Sai dai yawancin waɗanda ke cikinsa ba su da kwantiragi, ba su da likitan gashin ƙashi, ba su kuma da wanda zai ce musu yau su tsaya a minti ashirin. Suna bin sawun zakara har ƙafa ta ƙi, su ɓace na wata biyu, wasu su dawo wasu kuma shi ke nan. A Habasha an sami wata dabara ta daban, wadda masanin halayyar al'umma Michael Crawley ya bayyana a littafin da ya fitar a 2020 bayan ya zauna da 'yan gudun Addis Ababa sama da shekara guda: a ranakun sauƙi suna shiga dajin turare na tsaunin Entoto a jere, ɗaya bayan ɗaya, suna karkacewa tsakanin itatuwa, kuma ba sa yawaita hawa kwalta domin suna ganin tana cinye ƙafa. Bincike bai tabbatar da cewa taushin ƙasa shi kaɗai yana hana rauni ba, amma gudu cikin itatuwa yana tilasta rage sauri, yana kuma sauya fuskar da nauyi ke sauka a kan ƙashi, kuma duka biyun suna da amfani.

Sansanin Kaptagat, wanda kamfanin dillalin nan na Holan Jos Hermens yake gudanarwa, shi ake yawan kafa hujja da shi idan ana maganar daɗewa. Mai horarwa a can shi ne Patrick Sang, wanda ya ci azurfa a tseren mita 3,000 mai shingaye a Olamfik ta 1992, kuma ya riƙe Eliud Kipchoge tun yana matashi. Kipchoge ya zama zakaran duniya a mita 5,000 a Paris a 2003 yana da shekara 18, ya ci zinaren gudun fanfalaki a Olamfik sau biyu, sannan ya kafa tarihin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a 2022, wato shekara 19 bayan nasararsa ta farko, ba tare da wani babban rauni ya raba shi da kaka sukutum ba. Babu wani sirri a tsarin makonsu: gudun fili ranar Talata, dogon gudu na kilomita 30 zuwa 40 ranar Alhamis, fatlek ranar Asabar, sauran kuma gudu ne a hankali, tare da motsa jiki na ƙarfafa ƙugu da ciki, da likitan gashin ƙashi da ke duba su a kai a kai. Kipchoge yana rubuta kowane atisaye a littafi, kuma yawanci sau biyu kawai yake shiga gudun fanfalaki a shekara. Faith Kipyegon ma a hannun Sang ta dawo bayan haihuwar da ta yi a 2018, ba tare da gaggawa ba, ta kuma ƙara zinare biyu na Olamfik a mita 1,500 a kan wanda ta ci a 2016. Adalci ne a tuna cewa Kaptagat ma zaɓaɓɓu take ɗauka, waɗanda jikinsu ya riga ya tsallake shekarun tacewa, don haka ba duk lafiyarsu ce aikin mai horarwa ba. Amma rashin canza tsari kowace kaka, da rashin cika gasa, abubuwa ne da mutum ya zaɓa.

Wani lokaci kuma mai horarwa ne yake ja da baya ɗan tsere yana turawa gaba. Bayan Kelvin Kiptum ya kafa tarihin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a watan Oktoba na 2023, mai horar da shi, Gervais Hakizimana ɗan ƙasar Ruwanda, ya shaida wa 'yan jarida cewa yaron yana yin kilomita 250 zuwa 280 a mako, wani lokaci har sama da 300, cewa ya sha roƙonsa ya sassauta ya ƙi, kuma yana tsoron idan aka ci gaba a haka ba zai wuce shekara biyar yana gudu ba. Allah bai nufa a ga ƙarshen wannan muhawara ba, domin su biyun sun rasu tare a haɗarin mota kusa da Kaptagat ranar 11 ga Fabrairu, 2024, Kiptum yana da shekara 24. Maganar Hakizimana dai ta nuna cewa hana ɗan tsere aiki ya fi sa shi aiki wuya, musamman idan agogo yana goyon bayan ɗan tseren.

Sikeli, kwantiragi da ikon da ya taru a hannu ɗaya

Mafi munin raunukan da ake samu a rukunonin ƙwararru daga abinci suke farawa. Masana suna auna abin da suke kira ragowar kuzari, wato abin da ya saura daga kuzarin abincin da mutum ya ci bayan an cire wanda atisaye ya ƙone, kuma da wannan ragowa ne jiki yake gudanar da sauran ayyukansa. Binciken Anne Loucks a Amurka ya nuna cewa idan ragowar ta gaza kalori 30 a rana ga kowane kilo na jiki banda kitse, sinadaran da ke tafiyar da haila da gina ƙashi sukan fara raguwa cikin 'yan kwanaki. Mace takan daina ganin jinin al'ada, sinadarin estirojin mai kare ƙashi ya faɗi, masu kankarewa su fi masu cikewa aiki. Namiji ma sinadarin testosteron ɗinsa yakan sauka, ƙashinsa ya yi rauni. Tun a farkon shekarun 1990 likitocin wasanni suka bayyana wannan matsala a tsakanin mata, sannan a 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa ta ya haɗa da maza, ya ba ta sunan RED-S, wato ƙarancin kuzari dangane da aikin da ɗan wasa yake yi. Abin da ya sa take da wuyar yaƙi shi ne a watannin farko wanda ya rame yakan ƙara sauri da gaske, sai mai horarwa ya ga ribar nan take, asarar kuwa sai bayan shekara guda ko biyu take zuwa. Idan yarinya ce 'yar ƙasa da shekara ashirin asarar ta fi girma, domin a waɗannan shekaru ne mutum yake tara mafi yawan ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi har tsufa.

Babu misalin da ya fito da wannan fili kamar na rukunin Nike Oregon Project, wanda kamfanin Nike ya kafa a 2001 ƙarƙashin Alberto Salazar. Ta fuskar kayan aiki ba a taɓa ganin irinsa ba: gidan da ake rage wa iskar shaƙa don a kwaikwayi tsauni, injin gudu na cikin ruwa, injin da ke rage wa mai gudu nauyin jikinsa, da likitoci. Ta fuskar lambobi ma ya biya, domin a Landan a 2012 Mo Farah ya ci zinare a mita 5,000 da 10,000, Galen Rupp kuma ya bi masa da azurfa a mita 10,000. Amma a watan Nuwamba na 2019 Mary Cain, tsohuwar 'yar rukunin wadda ta kai zagayen ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya ta Mosko a 2013 tana da shekara 17, ta bayyana a jaridar New York Times cewa an sa mata nauyin da dole ta kai, fam 114, kimanin kilo 52, ana auna ta a gaban abokan atisayenta ana muzanta ta idan ba ta kai ba, har ta yi shekara uku ba ta ga al'ada ba, ƙasusuwanta biyar suka karye, kuma ta kai ga cutar da kanta. Waɗansu tsofaffin 'yan rukunin, ciki har da Amy Yoder Begley, sun fito sun ba da labari makamancin nata. Salazar ya musanta yawancin zarge-zargen, ko da yake ya amince cewa wasu kalamansa kan nauyi suna iya zama masu zafi. A lokacin an riga an dakatar da shi na shekara huɗu tun ƙarshen Satumba na 2019 bisa karya dokokin yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, Nike ta rufe rukunin cikin makonni biyu, sannan a 2021 cibiyar SafeSport mai kula da kare 'yan wasa a Amurka ta haramta masa horarwa har abada. Abin lura a nan shi ne Salazar kansa ya lashe gudun fanfalaki na New York sau uku a jere daga 1980 zuwa 1982, kafin jikinsa ya rushe yana tsakiyar ƙuruciyarsa sakamakon aikin da ya wuce kima, kuma wannan darasi na jikinsa bai isa ya kare yarinyar da aka damƙa masa ba.

Matsalar ba ta tsaya ga halin mutum ɗaya ba, tana cikin tsarin da ya tara iko a hannu guda. Idan mai horarwa shi ne mai tsara atisaye, shi ne mai faɗin nauyin da ya dace, shi ne mai zaɓar likita, kuma maganarsa ce kamfani yake ji ranar sabunta kwantiragi, to ɗan tseren da ya ji zafi a ƙwauri ba shi da wanda zai gaya wa ba tare da ya sa abincinsa cikin haɗari ba, don haka sai ya ɓoye. Kwantiragin kamfanonin takalma sau da yawa yana ɗauke da sharaɗin rage albashi idan mutum bai yi gasa ba na wani lokaci ko bai kai wani matsayi ba. A 2019 Alysia Montaño da Allyson Felix da Kara Goucher suka fallasa yadda wannan sharaɗi yake shafar masu juna biyu a kamfanin Nike, inda Goucher ta ce ta shiga gudun fanfalaki na Boston wata bakwai bayan haihuwa, kuma tun daga nan take fama da ciwon ƙugu. A watan Agusta na shekarar Nike ta sauya ƙa'idarta ta kare albashin masu ciki na tsawon wata 18. A gabashin Afirka matsin ya fi haka tsanani ga waɗanda ba su da albashi sam, waɗanda kuɗin gasa ne kaɗai abin dogaronsu da na danginsu, dillali kuma yana ɗaukar kasonsa, yawanci kashi 15 cikin 100, daga gasar da aka yi ne kawai.

A Japan matsin daga wani wuri yake fitowa. Tseren ekiden, wanda 'yan ƙungiya suke miƙa wa juna ɗamara zango-zango, yana sa kowane ɗan gudu ya ji cewa tsayawarsa ta rusa aikin mutane da yawa. A watan Oktoba na 2018, a wani ekiden na ƙungiyoyin kamfanoni na mata a Fukuoka, Rei Iida 'yar shekara 19 ta faɗi ƙwaurinta ya karye saura kimanin mita 200 ta miƙa ɗamara, ta ƙarasa da rarrafe gwiwoyinta suna jini, alhali mai horar da ita ya nemi a tsayar da ita saƙon bai isa kan lokaci ba. A ƙarshen wannan shekara kuma hukumar guje-guje ta ƙasar ta fito ta hana yi wa 'yan gudun makarantu allurar sinadarin ƙarfe ba bisa larura ba, al'adar da ta yaɗu musamman a tsakanin 'yan matan da ramewa ta jawo musu ƙarancin jini.

Sababbin takalma masu farantin kabon da kauri, waɗanda suka mamaye tsere tun wajen 2017 har hukumar World Athletics ta ƙayyade kaurinsu a milimita 40 a 2020, sun ƙara wa mai horarwa wani abin lura, domin suna rage gajiyar tsoka, su ba mutum damar ƙara aikin wuya, kuma a 2023 wasu likitoci sun ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka sami raunin nabikula suna amfani da su. Mutum biyar ba sa isa hujja, amma sun isa gargaɗi kan a shigar da takalman a hankali.

Ƙwallon ƙafa ta riga gudu nisa wajen auna waɗannan abubuwa. A 2001 hukumar UEFA ta fara tattara bayanan raunin manyan kulob-kulob ƙarƙashin jagorancin likitan nan na Suwidin Jan Ekstrand, kuma a binciken da suka buga a 2018 kan ƙungiyoyi 36 a ƙasashe 17 sun ga cewa inda koci yake sauraron mutanensa, yana ƙarfafa musu gwiwa, yana bayyana manufarsa sarai, munanan raunuka sun fi ƙaranci. Wani binciken nasu da ya biyo baya ya nuna irin wannan alaƙa da kyawun sadarwa tsakanin koci da likitoci. A gudu an ɗan motsa: World Athletics ta fitar da manufar kare 'yan wasa daga cin zarafi a 2021, kuma a 2023 ƙwararrun Kwamitin Olamfik suka ba da shawarar kada a riƙa auna kitsen jikin 'yan ƙasa da shekara 18 sai da dalilin lafiya, sakamakon awon manya kuma a riƙe shi a matsayin sirrin likita. Waɗannan matakai suna raba sikeli da hannun mai horarwa, kuma hakan daidai ne. Amma ƙididdigar raunin da hukumar World Athletics take yi tun 2007 ta tsaya ne ga kwanakin manyan gasanni, alhali kusan duk tsagewar ƙashi a watannin atisaye take faruwa, a sansanoni masu zaman kansu da babu dokar da ta tilasta musu bayyana mutum nawa suka ɗauka, nawa suka kwanta jinya, nawa suka bar gudu kafin su cika shekara 25. Masu horarwa da dillalai da kamfanonin da ke biyansu ne kaɗai suke riƙe da waɗannan alƙaluma, matashin da ake miƙa wa takardar kwantiragi kuwa ba a nuna masa su kafin ya sa hannu.